Dan Allah ku daina ɗora yara a kan garma in ana tsaga ramin bututu

Salamu alaikum 'yan uwa masu lambu na Kumasi da kewaye. Rani ya shigo, kowa ya tashi zai binne bututun ruwa daga rafi zuwa lambu, kuma wallahi abin yana min daɗi, don duk wanda ya taɓa ɗaukar bokitin ban ruwa biyu daga rafin Oda ko Wiwi yana hawa tudu da su tun asuba ya san bututu rahama ne. Daga Gyinyase har can wajen Offinso da Akumadan mutane sun gane gara a kira tarakta ta tsaga layin a wuni guda da a sa leburori da diga su kwashe mako suna fama. Wannan duk daidai ne. Abu ɗaya ne ke ci min rai, kuma a aikina na malamin gona, gona bayan gona shi nake tararwa: ƙasa ta yi tauri, garma ta ƙi shiga, sai a ce wa yaro hau kai ka danna ta.

Haba jama'a! Yaro fa, ɗan mutum, a tsaye kan ƙarfe tarakta na ja, hannunsa ɗaya riƙe da sandar sama da ke haɗa garma da tarakta, ƙafarsa cikin silifas, wani lokaci ma su biyu ake ɗorawa wai nauyin ɗaya bai isa ba. Kuma ba yaran banza ba ne, ɗan mai gonar ne ko ƙanensa ko almajirin da aka ɗauko daga Aboabo ko Sawaba za a ba shi 'yan sidi da yamma. Na ga ƙafar da ta karye, na ga yatsun da suka tafi, na ga saurayin da har yau yana ɗingishi, kuma duk sanda na tambaya yaya aka yi amsar ɗaya ce, wai tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma Alhaji kai ka ce ya hau.

Ku da kanku kun san ƙasarmu. Da hunturu ya busa daga Disamba zuwa Fabrairu jar ƙasar nan sai ta daskare, a ƙarƙashinta kuma ga marmara ga saiwar itatuwan da aka sare tun shekaru ba a tone ba. Bakin garma na cin karo da ɗaya daga cikinsu sai ta yi tsalle ko tarakta ta tsaya cak, wanda ke tsaye a kai kuma gaba zai faɗa, tsakanin garma da tayar baya, ba gefe ba. Direba idonsa na kan layi, inji na ƙara, ko ihu ka yi kafin ya ji ya taka kuloci ya riga ya ci mita ɗaya ko biyu. In an kai ƙarshen layi kuwa ya ɗaga garma da haidrolik, hannuwan ƙarfen nan suna haɗewa, duk ƙafa ko hannun da ke tsakani sai dai a yi haƙuri. Shi ya sa nake cewa kar a hau, ko da a hankali ake tafiya, ko da layin taku goma ne.

Abin takaicin ma, hawan ba ya maganin komai. Garmar nan mai haƙori ɗaya da ake tsaga rami da ita, wadda direbobi ke kira sabsoila, ba nauyi ke shigar da ita ƙasa ba, karkatar bakinta ce ke jan ta ƙasa da kanta in tarakta ta ja. In ta ƙi shiga to akwai dalili, kuma kilo 60 na yaro ba zai gyara shi ba. Yawanci bakin ne ya cinye ya dakushe, a kai shi Magazin a Suame, maƙera da masu walda za su sa sabon baki ko su ɗora masa ƙarfe. Ko kuma sandar sama ta tsakiya ta yi tsawo, garmar ta kwanta baya tana shafar ƙasa, direba ya sauko ya murɗa ta ya rage tsawonta kaɗan, zai ga baki ya duƙa ya kama. Ko kuma gaggawa ce kawai, ana so a kai zurfin gwiwa a wucewa ɗaya. Wa ya ce dole sau ɗaya? A bi layin sau biyu, sau uku, kowane zagaye a ƙara zurfi kaɗan. Kuma tunda injin ruwa na nan bakin rafi, a jiƙa layin tun jiya da yamma a bar ruwan ya kwana, da safe ƙasar ta yi laushi. In duk an yi wannan har yanzu ana son nauyi, a ɗaura ƙarfe da noti a jikin garmar. Ƙarfe, ba mutum ba.

Direbobi, musamman 'yan uwanmu da ke saukowa daga Ejura da Massey Ferguson ɗinsu, ku ma da laifinku. Na san eka ake biyanku, na san akwai wani mai gona yana jiranku kafin la'asar, na kuma san in ka ce a'a mai gona zai ce kai rago ne, wancan direban yana yarda. To ya je ya kira wancan. Kai ne kan kujera, makulli na hannunka, in yaro ya taka garma kashe inji ka naɗe hannu har sai ya sauka. Ranar da abu ya faru kai 'yan sanda za su fara tambaya, kuma kai za ka riƙa haɗuwa da uban yaron a masallaci.

Ku kuma samari, wannan ba jarumta ba ce. Wasu ma ba a sa su ba, da kansu suke ɗarewa, abokinsu na ɗaukar bidiyo a waya. Ƙanena, in Baba ya ce ka hau, ce masa Baba ka yi haƙuri, malamin gona ya hana, ka ɗora laifin a kaina, na yarda.

Sauran a gurguje, don su ma ina ganinsu:

- Kafin a tsaga ko'ina kusa da gidaje ko titi, a tambayi mutanen ECG masu wutar lantarki da na Ghana Water masu ruwan famfo ko akwai waya ko bututunsu a ƙasa.
- In injin haƙa mai sarƙa ne da ke aiki da shaf ɗin bayan tarakta, shaf ɗin yana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa. A sa masa murfinsa, ban da jallabiya ko batakari kusa da shi, ban da tsallake shi.
- Saiwa ko dutse ya maƙale, a sauke garma ƙasa, a kashe inji, a zare makulli, sannan a sa hannu.
- Mai warware bututu ya bi daga baya can nesa, ba tsakanin tarakta da garma ba.
- Zurfi ya kai santimita 45 zuwa 60, ya wuce inda garmar huɗa ke kaiwa, in ba haka ba damina na zuwa za ku yanke bututunku da kanku. Inda aboboyaa, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ke wucewa a ƙara zurfi.
- A tsince duwatsu daga ramin, a kunna ruwa a duba mahaɗa kafin a rufe.

In kuma Allah ya kawo ƙaddara wani ya ji rauni, a kashe inji tukuna, a danne wurin jinin da tsumma mai tsabta, kar a zuba ƙasa ko baƙin mai ko toka, kar a ja ƙafar wai za a miƙe ta, kar a fara da gidan mai ɗori in fata ta fashe ƙashi na waje. A kira 112 ko a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti mafi kusa, in raunin babba ne su za su tura babban asibitin Komfo Anokye, kuma ko yankan ƙarami ne a je a yi allurar tetanus.

Wanda zai tsaga layi kwanan nan ya leƙa ofishin agirik na yankinsa tun kafin ranar, mu zo mu duba garmar tare da direba. In na iso na tarar da mutum a kan garma kuwa, Alhaji ka yi haƙuri, ranar aikin zai tsaya.