Waiwaye: Mata, Injiniyanci da Batun Ƙarin Darasi Kyauta a Kumasi

Titi ɗaya ne ya raba zangon Ayigya da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda kowa a Kumasi ke kira Tek. Yarinya za ta tashi tana ganin ɗalibai safe da yamma, wataƙila ma su ne masu sayen koko da ƙosan mahaifiyarta, amma ta tsallaka titin nan da sunan ɗalibar injiniyanci abu ne da ya ci shekaru kafin ya yiwu. Shi ya sa idan an tada maganar shirya wa matan da ke wannan karatu ƙarin darasi kyauta, wani ya ce "ai an yi musu komai, me kuma ya rage?", nakan ce a fara duba baya tukuna.

A 1952 aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Kumasi, a shekarar kuma aka kafa sashen injiniyanci, sannan ta zama jami'a a 1961. A zamanin, aikin gada da injin lantarki na maza ne a idon kowa. Mu a zango ƙofa biyu ce a rufe. Yawancin makarantun boko na mishan ne, iyaye na tsoron a raba yaro da addininsa, don haka namiji ma da ƙyar, balle mace da ake yi wa tanadin kayan ɗaki.

Shekarar 1987 ce ta fi ɗaukar hankalina. A cikinta aka kafa sashen ilimin Musulunci a Hukumar Ilimi ta Gana, makarantunmu da dama suka haɗa Arabiyya da boko, gwamnati na turo malamai. Uban da ba zai kai 'yarsa makarantar mishan ba ya sami inda hankalinsa zai kwanta. A shekarar dai hukumar ta fara tara 'yan mata a sansanin kimiyya da lissafi lokacin hutu, ana haɗa su da matan da suka yi nisa a fannin. Ba don juna aka yi abubuwan biyu ba, amma a kan 'yar zango suka haɗu. Sashen ilimin 'ya'ya mata ya biyo baya a 1997, sai sakandare kyauta a Satumban 2017.

Abin koyi ma yanzu ba a rasa ba. Injiniya Carlien Bou-Chedid ce mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar injiniyoyin Gana. Farfesa Rita Akosua Dickson, masaniyar haɗa magunguna, ta zama mace ta farko da ta riƙe Tek a 2020. Farfesa Elsie Effah Kaufmann kuwa, tun 2006 yara ke kallonta a talabijin tana jefa tambayoyi a gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa, kuma injiniya ce.

To ina gizo ke saƙa? Duk wannan ƙoƙari a bakin ƙofa yake tsayawa. Tun a ƙaramar sakandare ake cike takardar zaɓen fanni, kuma a nan ake karkatar da 'yan mata da yawa zuwa tattalin gida, wai ya fi dacewa da mace. Wadda ta dage ta ɗauki kimiyya tana buƙatar fiziks da kemistiri da lissafin zaɓi, wato lissafi mai zurfi da 'yan kimiyya ke ƙarawa a kan na kowa, kuma kowa ya san masu hali da ƙarin darasi na kuɗi suke tsallake su. Wadda ta ci jarrabawa ba tare da wannan gata ba gwarzuwa ce, amma takan shigo jami'a da 'yan giɓi a tushe.

Shekarar farko ba ta jira. Ga kalkulas, wani reshe mai wuya na lissafi, ga zanen injiniya, ga rubuta manhajar kwamfuta ga wadda wataƙila ba ta taɓa mallakar kwamfuta ba. Aji cike maƙil, malami ba zai san wanda aka bari a baya ba. A Tek kuma maki tarawa ake yi, abin da ka samu a zangon karatu na farko yana bin ka har ranar fita. Akwai darasin bita da mataimakan malamai ke yi, ban raina shi ba. Sai dai karatun da ke ceton ɗalibi shi ne na dare, wanda abokai ke haɗuwa a ɗakin kwana su warware tambayoyin shekarun baya. Wadda ke hawa trotro, wato motar haya, daga unguwar Aboabo ko Asawase saboda kuɗin masauki ya fi ƙarfin gidansu, dole magariba ta yi mata a gida, ga girki ga ƙanne na jira. Ko a harabar take kwana, zama cikin samari har sha biyun dare ba abin da za ta yi ba ne, kuma ban ga laifinta ba.

Wannan giɓin ƙarin darasi kyauta zai cike, muddin an tsara shi da sanin ɗalibar. A yi shi da rana, a wurin da mahaifi zai ji sunansa bai ɗaga gira ba. Masu koyarwa su kasance yayyenta mata na aji uku da huɗu, waɗanda suka san inda kalkulas ke kayar da mutum, a ba su na mota don kada abin ya mutu bayan wata biyu. A fara tun makon farko, kada a jira sakamako ya fito. Attajiranmu da ke ɗaukar nauyin tafsiri da musabaƙa duk shekara, Allah ya saka musu, za su iya riƙe irin wannan aji: ɗaki ɗaya, allo, kwamfutoci kaɗan na aro, da kuɗin motar masu koyarwa.