Littafin nan na yaran da suka watse a tsibiri: mi ya sa ake ta gardama a kansa?

Daren jiya a fadarmu ta Bagalam har shayi na biyu ya huce ba wanda ya kula, saboda gardama a kan littafi guda, Lord of the Flies, wato Sarkin Ƙudaje, wanda masu faransanci suka sani da Sa Majesté des mouches. Ɗan kawuna da ya yi sakandare a Katsina shi ya tado zancen, wai littafin ya gama tona asirin ɗan Adam, in ba bulala to dabba ne. Ƙanena da ke tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, ya ce sam, sharri ne aka yi wa yara. Ni na karanta shi sau biyu, shi ya sa aka yi ta jefo min tambayoyi, ga su nan yadda na iya tunawa.

Wai labarin mi ne ma?

Jirgin sama ɗauke da ƴan lakwal maza na Ingila ya faɗi a wani tsibiri lokacin yaƙi, babu babba ko ɗaya da ya tsira. Manyan cikinsu wajen shekara 12, ƙananan wajen 6. Da farko abin gwanin sha'awa, suka yi zaɓe suka naɗa Ralph shugaba, suka samu wata ƙatuwar katantanwar teku da ake busawa kamar ƙaho, aka ce duk wanda ke riƙe da ita shi ke da magana a taro, aka hura wuta bisa dutse don jirgin ruwa ya hango hayaƙi. Sai Jack, wanda ya faɗi zaɓe, ya ja yaransa farautar alade, wuta ta mutu daidai ranar da jirgi ya gitta. Ƙananan kuma suka fara mafarkin dodo, ga gawar wani sojan laima da iska ta rataye bisa dutse tana motsi, sai kowa ya yarda lallai akwai dodo. Aka tsire kan alade a sanda a matsayin sadaka ga dodon, ƙudaje suka lulluɓe shi, daga nan sunan littafin ya fito. Simon, yaro mai shiru-shiru da ya gano gawa ce kawai, ya rugo ya faɗa musu, suka kashe shi cikin rawar dare. Piggy mai tabarau, mai kaifin kai, aka turo mishi dutse ya mutu. Daga ƙarshe suka cinna wa tsibirin wuta don su fito da Ralph su kashe, hayaƙin ne ya jawo jirgin sojan ruwa.

Wa ya rubuta, kuma mi ya yi zafi haka?

William Golding, an haife shi 1911, ya rasu 1993. Mushe ne, wato malami, a wata makarantar maza a garin Salisbury, kenan ya san halin yara in malami ya fita aji. Kuma ya yi sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu, yana cikin waɗanda suka je Normandi a 1944. Littafin ya fito 1954 bayan kamfanonin ɗab'i da dama sun mayar mishi da shi, a 1983 kuma ya samu kyautar Nobel. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne raddi ne ya yi wa wani tsohon littafin yara na ƙarni na 19, The Coral Island, inda yaran Ingila suka faɗa tsibiri suka zama tsab-tsab, mugunta duk ta ƴan fashin teku ce da mutanen yankin. Har sunayen Ralph da Jack daga can ya ɗauko. Kamar yana ce wa ƴan ƙasarsa, ku ma fa ba waliyyai ba ne.

Masu yabonsa mi suke gani?

Ɗan kawuna cewa ya yi ka duba aji in an sa ɗan aji ya rubuta sunan masu surutu, ka ga yadda ƙaramin iko ke canza yaro cikin minti biyar. Yana da gaskiya a nan. Ni ma wurin da littafin ya kama ni ba kisan ba ne, yadda jama'a suka sulale daga Ralph suka koma wajen Jack ne. Ralph na cewa a gyara bukka, a kula da wuta, a yi haƙuri, Jack kuma na raba nama yana cewa zai kare su daga dodon da shi kansa ke zuzutawa. Yawancin yaran ba mugaye ba ne, yunwa da tsoro ne, kuma ba wanda ke son ya zama shi kaɗai a waje. Duk wanda ya taɓa ganin lokacin kamfe, da shinkafa da atamfa, ba sai an yi mishi fassara ba.

To masu sukar fa?

Nan ƙanena ya fito da filo ɗinsa na bak, wato darasin falsafa, ya kawo masana biyu, Hobbes da Rousseau, na farko na cewa in ba hukuma kowa abokin gaban kowa ne, na biyu na cewa zaman jama'a ne ke ɓata mutum, ya ce Golding ya ɗauki gefen Hobbes ya shirya wasa yadda dole gefensa ya ci. Kuma akwai abin dubawa. Babu mace ko ɗaya a tsibirin. Yaran duk daga irin tarbiyya guda suke, makarantun Ingila na wancan zamani masu duka da fifita babba kan ƙarami, to halin ɗan Adam aka nuna ko halin wannan tarbiyyar? Wani abin da ke sosa min rai a matsayina na baƙar fata, lalacewar yaran ana nuna ta ne da shafa fenti a fuska, mashi, rawa da zagaye wuta, wato kamannin da Turawa ke yi wa mutanen da suka mallaka. (Wani ƙaramin kuskure kuma, Piggy ba ya gani nesa ne, irin tabaransa ba ya tara hasken rana har ya kunna wuta, amma da shi suke hura wuta a littafin.)

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Tonga, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik. A 1965 wasu samari shida ƴan makarantar kwana suka saci jirgin kamun kifi, guguwa ta kwashe su, suka ƙare a wani tsibiri da ba kowa mai suna Ata. Wata 15 suka yi har wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ostareliya, Peter Warner, ya tsince su a 1966. Ba wanda ya kashe wani. Sun raba aiki, sun riƙe wuta ba ta mutu ba, suna addu'a da waƙa safe da yamma, in an yi faɗa sai a raba su kowa ya je ya huce, ɗaya ya karye a ƙafa suka yi mishi ɗori ya warke. Da suka koma gida kuma aka kulle su saboda satar jirgin, abin dariya abin tausayi.

Kenan Tonga ta kashe maganar?

Ba ta kashe ba. Su shida ne, abokai, addini guda, sun girmi na littafin, ba kujerar da ake takara a kai. Sun nuna ba dole ba ne a watse, amma ba su nuna ba a watsewa ba.

Mu a addini ina muka tsaya?

Wani dattijo da ke zama kusa da mu, Baba muke ce mishi, shi ya sa baki a nan, ya ce ku yaran nan kuna wahalar da kanku. Hadisi ya ce kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, a Suratu Yusuf kuma an ce rai mai yawan umarni ne da mummuna sai wanda Ubangiji ya yi wa rahama. Duka biyun suna nan cikin mutum guda. Ɗan kawuna ya ce ai Baba ka goyi bayana, ƙanena ma ya ce shi aka goya.

A ci gaba da koyar da shi?

A ganina e, amma kar mushe ya miƙa shi kamar hukuncin alƙali, yara su haddace "mutum mugu ne" su zuba a takarda su samu maki. A ba su labarin Tonga a gefe, a bar su su yi irin gardamar da muka yi. Ƙanena dai ya tafi da kwafina na faransanci, wai zai sake karanta wurin Simon, har yanzu bai maido ba.