Shin gwamnatin Indiya ba ta taɓa dukiyar shugabannin addinin Hindu? Ga abin da doka ta ce

Tun da majalisar Indiya ta yi wa dokar waƙafi gyara a 2025, maganar da ake ta yi a zaurukan WhatsApp ita ce wai dukiyar Musulmi kaɗai gwamnati ke sa wa ido, shugabannin gidajen ibadar Hindu kuwa sarakuna ne, ba mai tambayarsu ko sisi. Wasu kuma sun juya zancen, suna cewa gwamnati ce ke naɗa su ta kuma tsige su yadda ta ga dama. Duka biyun ba haka suke ba.

Gidan da ake magana a kai sunansa matha, wato mazaunin masu gudun duniya da almajiransu. Shugabansa ana ce masa mahant ko mathadhipati. A garin Udupi na jihar Karnataka akwai irin waɗannan gidaje takwas da wani malamin addinin Hindu, Madhvacharya, ya kafa a ƙarni na 13. Shugabanninsu ba sa aure, suna sa tufa mai ruwan goro, suna karantar da almajirai, kuma su ke karɓa-karɓa wajen hidimar haikalin abin bautarsu Krishna, kowanne shekara biyu. Wanda zagaye ya zo kansa tun kafin asuba yake fara ibada, ga ciyar da dubban baƙi kyauta a kullum.

Wannan hidima ce ma ta jawo shari'ar da har yau ake kafa hujja da ita. Shugaban gidan Shirur, ɗaya daga cikin takwas ɗin, ya fito daga zagayensa da bashi a wuya, sai hukumar kula da kadarorin addini ta Madras, wadda Udupi ke ƙarƙashinta a lokacin, ta nemi tsara masa yadda zai tafiyar da gidan. Ya garzaya kotu, magana ta kai Kotun Ƙoli, alƙalai bakwai suka yanke hukunci a 1954.

Gardamar duk a kan sashe na 26 na kundin tsarin mulki take. Sashen ya ba kowace ƙungiyar addini ikon tafiyar da al'amuranta na addini, ya kuma ba ta ikon mallakar dukiya da juya ta "bisa doka". Waɗannan kalmomi biyu su ne ƙofar da gwamnati ke shigowa ta cikinta. Kotu ta ce gwamnati na iya duba littafin kuɗi, ta hana almubazzaranci, amma ba ta da hurumin cewa ga yadda za a yi ibada, kuma ba za ta ƙwace ragamar gidan ɗungurungum ta miƙa wa jami'inta ba. Wa zai ce wannan addini ne, wancan harkar kuɗi ce? Kotu ta ce koyarwar addinin kansa za a duba. Idan addinin ya ce a ajiye abinci gaban abin bauta a lokaci kaza, ko a zuba hadaya a wuta, to ibada ce, ko da kuɗi ake kashewa a yi ta.

Akwai wani ɗan misali da ya fi burge ni. Mabiyi yakan zo ya durƙusa, ya ajiye kuɗi a ƙafar mahant, kyautar da suke kira pathakanika. Dokar Madras ta 1951 ta ce dole ya kashe ta a kan gidan kawai. Kotu ta soke wannan, ta ce kyauta ce aka ba shi. Ta kuma soke ikon da aka ba kwamishinan kadarorin addini na shiga kowane lungu na wurin ibada, da kuɗin da ake karɓa duk shekara har kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga, wanda ta ce haraji ne aka sa masa wata riga.

To amma wannan bai mai da mahant mai gida ba. Kotu ta ce ya fi ma'aikaci daraja, yana da haƙƙin cin moriyar dukiyar muddin yana kan kujera, sai dai amana ce a hannunsa, kusan kamar mai kula da waƙafi a wajenmu. A dokar Hindu ma, wanda ya shiga gudun duniya ana ɗaukarsa tamkar ya mutu ga danginsa: ba ya gadonsu, kuma kujerar ba ta komawa ga 'yan'uwansa na jini, al'adar gidan ce ke fitar da magaji, galibi almajirin da ya zaɓa.

Batun tsigewa kuwa, doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A jihar Tamil Nadu, dokar 1959 ta ce sai an shigar da ƙara kotu, ko kwamishina ya shigar, ko mutum biyu masu ruwa da tsaki da izininsa. Dalilan sun haɗa da cin amana, barnatar da dukiyar gidan, taɓin hankali, barin addinin Hindu ko aƙidar gidan, da rayuwar banza. Wannan na ƙarshen ne nake ganin ya yi faɗi da yawa, domin duk mai jin haushin shugaba zai iya rataya ƙorafinsa a kai. Duk da haka, alƙali ne mai yanke hukunci, minista ba shi da ta cewa.

Inda ni kaina na yi turus shi ne 2021, lokacin da aka naɗa yaro ɗan shekara 16 shugaban wannan gida na Shirur. An kai ƙara Babbar Kotun Karnataka, ta yi watsi da ita, ta ce babu dokar da ta hana, kuma al'ada ce daɗaɗɗiya a gidajen Udupi. Dokar da ke iya bin diddigin kuɗin irin waɗannan gidaje, ita ce ta naɗe hannu a kan yaron da ya rabu da aure da gado tun bai kai shekarun jefa ƙuri'a ba.