Waiwaye: Yadda mutum-mutumin Japan ya iso Zariya ba tare da kayansa ba

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin masu sha'awar katun ɗin Japan a Zariya, musamman a Samaru da Kongo inda ɗalibai suka yi yawa. Waɗanda suka haura shekara arba'in suna cewa tun daga Voltron ba a sake yin katun ɗin mutum-mutumin ƙarfe (robot) na kirki ba. Na bayansu suna cewa Voltron wasan yara ne, Gundam ne labarin manya. Wasu kuma sun tsaya kan cewa duk abin talla ne, an zana shi don a sayar wa yara roba. Kowane ɓangare yana da hujja, amma hujjar ba ta fitowa sosai sai an koma baya an ga yadda abin ya faro, da irin hanyar da ya biyo kafin ya faɗo hannunmu.

Katun ɗin ƙaton mutum-mutumi ya samo asali ne a Japan ta bayan yaƙin duniya na biyu. A 1956 Mitsuteru Yokoyama ya fara zana Tetsujin 28, labarin yaron da yake sarrafa wani ƙaton mutum-mutumi daga nesa da rimot, aka mayar da shi katun ɗin talabijin a 1963. A wancan labarin ƙarfen ba shi da nagarta ko mugunta ta kansa, duk wanda rimot ya shiga hannunsa shi yake wa aiki. Babban sauyi ya zo a 1972, lokacin da Go Nagai ya fitar da Mazinger Z, ya ɗauko yaron daga ƙasa ya zaunar da shi a cikin kan mutum-mutumin yana tuƙa shi kamar mota. Daga nan yaro mai kallo ya daina ganin kansa a matsayin mai ba da umarni, ya koma ganin kansa a cikin ƙarfen.

Masu cewa talla ce ba su yi ƙarya ba. A 1974 kamfanin Popy, wani reshe na Bandai, kamfanin kayan wasa na Japan, ya fara sayar da Mazinger na ƙarfen zubi mai nauyi a hannu, kuma cinikin da aka yi ya sa kamfanonin kayan wasa suka zama su ne masu ɗaukar nauyin shirye-shiryen. A shekarar ne kuma Getter Robo ya kawo tsarin jirage uku da suke haɗuwa su zama mutum-mutumi ɗaya. Dalilin kasuwa a bayyane yake: mutum-mutumin da ya ƙunshi sassa, ko yake rikiɗa zuwa wani abu, ya fi jan hankalin yaro a kanti, kuma ya fi tsada.

Gundam shi ne inda lissafin ya juye. Yoshiyuki Tomino ya fitar da shi a 1979, ya mayar da mutum-mutumin makamin soja kawai, wanda harsashinsa yake ƙarewa, ya lalace a kai shi gyara, a kashe matuƙinsa. Babu aljanu daga wata duniya, mutane ne suke yaƙar mutane, kuma a kowane ɓangare akwai na kirki. Yara ƙanana ba su karɓe shi ba, kayan wasan ba su yi kasuwa ba, aka yanke shirin a kashi na 43. Sai a 1980 Bandai ta fara sayar da siffofinsa na roba a warwatse cikin kwali, a kan yen 300, mai saye ya harhaɗa da hannunsa. Matasa da manya suka yi masa caa, kuma zuwa yau an sayar da sama da kwali miliyan 700. Wannan shi ne abin da nake gaya wa masu raina fannin gaba ɗaya: kuɗin ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyin aikin, gaskiya ne, amma a cikin wannan ƙuncin ne wani ya rubuta labarin yaƙi da bai yi wa yaro ƙaryar cewa yaƙi daɗi ne ba.

Mu a nan ba ta Japan kai tsaye muka samu ba, sai da aka bi da shi ta Amurka. Voltron da muka sani, labarin zakunan ƙarfe biyar da suke haɗuwa su zama ƙaton mutum-mutumi ɗaya, asalinsa GoLion ne, katun ɗin kamfanin Toei na 1981. Wani kamfanin Amurka mai suna World Events Productions ya saye shi, ya cire wuraren mutuwa da zubar da jini, ya sake sunaye da muryoyi, ya fitar da shi a 1984. Transformers ma haka. Kayan wasan kamfanin Takara ne na Japan, Diaclone da Micro Change, motoci da bindigogi da rediyoyi masu rikiɗa, ba su da wani labari na a zo a gani. Hasbro ta sayi izinin sayar da su, ta ba marubutan Marvel, kamfanin littattafan labaran zane, aikin raɗa musu suna da halaye, aka fito da katun a 1984, daidai lokacin da gwamnatin Reagan ta sassauta dokokin da suka taƙaita talla a shirye-shiryen yara. A fim ɗin 1986 har kashe Optimus Prime, babban gwarzon Transformers, aka yi don a buɗe wa sababbin kayan wasa hanya, iyaye suka yi ta ƙorafin yadda 'ya'yansu suka fito daga silima da kuka, daga baya aka dawo da shi.

To a nan ne tarihin Zariya ya rabu da na Tokyo da na Amurka. Lokacin da tashoshin NTA suka fara nuna Voltron, talabijin ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, wato daidai lokacin da ake tafiya Islamiyya ko makarantar allo bayan la'asar. Gidan da yake da akwati a unguwa ba shi da yawa, wutar NEPA kuma ba ta da alkawari. Yaro a Tudun Wada ko Ƙofar Doka zai iya ganin kashi ɗaya ya rasa uku, sai abokinsa ya ba shi labarin sauran a hanyar makaranta, da ƙari da gyara. Duk da haka, ka tambayi ɗan wancan zamani zai jero maka: baƙin zaki shi ne kai da ƙirji, ja da kore hannuwa, shuɗi da rawaya ƙafafu.

Abin da bai iso ba shi ne kayan wasan da aka yi katun ɗin dominsa. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a ƙarƙashin shirin SAP. Naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen huɗu, zuwa 1993 ta kai 22 a farashin gwamnati. Magidancin da yake fama da kuɗin hatsi da na makaranta ba zai sayi zakunan ƙarfe guda biyar daga ƙasar waje ba. Sai ɗaiɗaiku, ɗan malamin jami'a da mahaifinsa ya dawo daga karatu a Ingila, ko wanda aka yi wa tsarabar Makka. Talla ta iso, haja ba ta iso ba.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Yaran Zazzau dama suna da sana'arsu tun kafin talabijin: motar kara, motar langa-langa, tayar da aka yanko daga tsohon silifas, gwangwanin madara da na tumatir, waya da kwalin sukari. Hannun da ya saba ƙera tirela da karan dawa shi ne ya koma ƙera mutum-mutumi mai gaɓoɓi, ana soke kafaɗa da tsinke don hannu ya motsa. Bayan littafin lissafi ya cika da zanen zakuna da takobi, wani lokaci har da bulalar malami a kai. Ina ganin wannan shi ne mafi muhimmancin abin da ya faru a duk tarihin, kuma shi ne ba a cika ambata ba idan ana musun wane katun ya fi. Abin da kamfanin Japan ya gano a 1980, cewa yaro ya fi son abin da ya harhaɗa da kansa, yaranmu suna yinsa ba kwali ba takardar bayani.

Daga baya kayan China suka cika kasuwar Sabon Gari da tireren masu talla a ranakun Sallah. Mota ce ta roba mara nauyi, a murɗa nan a ja can ta miƙe tsaye, ba sunan kamfani, kuma sau da yawa kafin a gama yawon Sallah ƙafa ɗaya ta ɓalle. Masu tara na asali a yau suna kiran waɗannan jabu, kuma jabun ne. Amma ban yarda a raina su ba, domin ta hanyarsu ne yawancin yaranmu suka fara riƙe abu mai rikiɗa a hannu, suka ga yadda ƙyauren mota yake zama hannu. A wasu gidaje kuma an yi ta ja-in-ja kan ajiye abu mai siffar mutum. Malamai sun yi magana a kai, da yawansu sun yi sassauci kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda.

Gem ɗin hannu ma irin wannan hanyar ya bi. Gunpei Yokoi na kamfanin Nintendo ya ƙirƙiro Game & Watch a 1980, sannan Game Boy a 1989. Allonsa ba kala, amma batir huɗu suna kai shi awanni masu yawa, yayin da Game Gear na Sega mai kala yake cinye batir shida cikin awa uku zuwa biyar. Yokoi ya zaɓi tsohuwar fasaha mai araha da gangan, kuma shi ya ci kasuwa: Game Boy da ƙanensa mai kala sun haura miliyan 118. Kamar don garin da ba wuta aka yi shi, sai dai farashinsa na kusan dala 90 ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Abin da ya iso mana shi ne Brick Game na China, wanda aka rubuta wa wasanni 9999 a jiki, alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa da sauri daban-daban. Jigonsa Tetris ne, wasan da Alexey Pajitnov ya rubuta a Moscow zamanin Tarayyar Sobiyet. Batir biyu yake ci, idan suka yi sanyi a shanya su a rana ko a ɗan dantse su don a ƙara 'yan mintuna. Gem guda yakan zaga yara goma a zaure, ƙaramin cikinsu yana ta "Yaya, saura ni" har a kira magariba.

Masoyan fannin suna yawan manta cewa mutum-mutumi da gem ɗin hannu sun haɗu tun da wuri. Gem ɗin Super Robot Wars na farko, wanda ya tara Mazinger da Getter da Gundam a fage ɗaya, a kan Game Boy ya fito a 1991. Mu dai ba mu gan shi a lokacin ba.

Bayan 2001 abubuwa suka yi sauri. GSM ta shigo, wasan maciji na Nokia ya maye gurbin Brick Game a aljihu. Tauraron ɗan'adam na kyauta ya kawo tashoshin Larabawa irin su Spacetoon da MBC 3, a nan wasu suka fara cin karo da katun ɗin Japan da muryar Larabci. Larabawa kuwa nasu gwarzon shi ne Grendizer, katun ɗin mutum-mutumi na 1975, wanda har siffarsa mai tsayin sama da mita 30 aka kafa a Riyadh a 2022. Fim ɗin Transformers na 2007 ya zaga a faifan DVD. PSP, gem ɗin hannu na Sony, wanda ya fito a ƙarshen 2004, ya iso a gwanjo, ana kai shi wurin masu waya a zuba masa wasanni a memori, kuma mafi yawanci ƙwallon ƙafa ake bugawa a kai. Tun daga 2012 manhajar PPSSPP ta sa wayar Android tana iya buga wasannin PSP, don haka ɗalibi a Samaru ba ya buƙatar wata na'ura ta daban. Sababbin gem ɗin hannu, Nintendo Switch na 2017 da Steam Deck na 2022, ana ganinsu a bidiyo ana musu a kansu, amma da darajar naira ta yanzu 'yan kaɗan ne suka taɓa riƙe su.

Karon farko ke nan da matashin Zariya yake iya kallon Gundam daga kashi na ɗaya zuwa na 43 a jere, ya kalli GoLion ba yanke, ya kalli Evangelion, wani katun ɗin mutum-mutumi na 1995, ya yi ta musu kan ma'anar ƙarshensa. Ilminsa na fannin ya fi na yayyensa nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne motar kara ta yi ƙaranci a lunguna, kuma kwalin Gundam na harhaɗawa bai zo ya maye gurbinta ba, don ba a samunsa a kantunanmu sai an yi oda da dala. Kallo ya ƙaru, ƙira ta ragu.

Ba ƙaramar asara ba ce a gari irin wannan. Shoji Kawamori, wanda ya zana jirgi mai rikiɗa na katun ɗin Macross a 1982 yana kwaikwayon jirgin yaƙin F-14, kuma ya sa hannu a zanen Diaclone, ɗalibin injiniya ne lokacin da ya fara. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana jikin motar Chevrolet Volt, da zanen motoci ya taso tun yana yaro. Zariya tana da Jami'ar Ahmadu Bello mai tsangayar injiniya da sashen zane-zane da ya yi suna tun shekarun 1950, tana da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tun 1964, wadda ƙananan jiragenta suke shawagi a kan Palladan, ga maƙera da masu walda da masu gyaran waya a kowace kusurwa. Da ƙungiyoyin ɗalibai masu son katun za su riƙa ware wata Asabar su shiga makarantun firamare da kwali da gam da waya da matattun caja, su ce wa yara kowa ya ƙera motar da za ta iya miƙewa tsaye, kuɗin da za su kashe ba zai kai na datar da suke ƙonawa wajen musun Voltron da Gundam ba.