Waiwaye: yadda doka ta yi ta bin sawun hayaƙin shara mai guba

Duk wanda ya taɓa ganin wuta ta cinye tulin shara ta bar ɗan toka kaɗan zai gane dalilin da ya sa masu masana'antu suka rungumi ƙonawa hannu bibbiyu. Ga gangunan dagwalo sun cika fili, ragowar fenti, maganin ƙwari da ya lalace, man taransifoma, ka zuba su a tanderu ka wayi gari babu su, to me kuma ya rage? Abin da ya rage ɗin shi ne ya hana majalisun dokoki barci kusan shekara hamsin ke nan, don wuta ba ta ɓatar da komai, siffa kawai take canja wa abu, wani ya bi iska wani ya zauna a toka.

Da farko ma ba a tudu kaɗai ake ƙona irin wannan dagwalo mai kulorin ba, har da teku. Tun wajen 1969 akwai jiragen ruwa na musamman da ke ɗaukar gubar masana'antun Turai su nausa Tekun Arewa su kunna mata wuta a can, ba matatar hayaƙi ba komai, hujjarsu wai ruwan teku zai shanye asid ɗin da ke fita. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Vulcanus, shi ne a 1977 sojan Amurka suka ba aikin ƙona ragowar maganin nan na kashe ciyayi da suka fesa a yaƙin Biyetnam, sama da galan miliyan 2, a tsakiyar tekun Fasifik kusa da tsibirin Johnston. Da aka so mayar da abin sana'a ta dindindin a mashigin tekun Meziko sai mutanen bakin gaɓa suka ce ba su yarda ba, a 1983 sama da mutum 6,000 suka cika zaman jin ra'ayin jama'a a Brownsville ta jihar Tekzas, masunta da manoma da iyaye mata. Zuwa 1991 an daina a Tekun Arewa, sannan ƙarin da aka yi a 1996 wa yarjejeniyar Landan kan zubar da shara a teku ya haramta ƙona shara a teku gaba ɗaya.

Amma abin da ya sa duniya ta fara jin tsoron hayaƙin da gaske wata kalma ce guda, dayoksin. Ranar 10 ga Yulin 1976 wata masana'antar sinadarai a arewacin Italiya ta saki gajimaren guba a kan garin Seveso, tsuntsaye da zomaye suka yi ta mutuwa, fuskokin yara suka feso da ƙuraje, aka kwashe ɗaruruwan mutane daga gidajensu. Shekara guda bayan haka, 1977, wasu masana uku a jami'ar Amstadam, Olie da Vermeulen da Hutzinger, suka gano wannan gubar dai a cikin tokar da ke tashi daga injinan ƙona sharar gari ta yau da kullum. Wato ba sai an zuba dayoksin a wuta ba, ita wutar da kanta tana haifar da shi. Daga baya aka gane yadda abin yake, idan hayaƙi ya baro tanderu yana hucewa a hankali, tsakanin digiri 200 zuwa 400, ga kulorin ga ƙurar toka ga ɗan jan ƙarfe a ciki, nan gubar ke haɗuwa sabuwa fil ko da wutar ciki ta yi aikinta yadda ya kamata. Wannan binciken ne a ganina ya juya akalar dokokin duka, don daga ranar ba zafin wuta kaɗai ake tambaya ba, har da abin da ke faruwa a cikin bututu.

Ita sharar Seveso ɗin ma labarinta ya isa a tsaya a kai. A 1982 aka loda ganga 41 a mota aka tsallaka da su Faransa, sai suka yi ɓatan dabo, wata da watanni gwamnatocin Turai na cigiya kowa na cewa ba a ƙasarsa suke ba. A watan Mayun 1983 aka same su jibge a wata tsohuwar mayanka da aka daina amfani da ita a wani ƙauye na arewacin Faransa, mutane na ta harkokinsu a gefe ba su san da me suke kwana ba. Sai a 1985 aka ƙone su a Basel ta Suwizalan. Ganga 41 kacal fa, amma su suka nuna wa Turai cewa ba ta da dokar da za ta bi diddigin guba idan ta tsallake iyaka.

A Amurka hanyar ta ɗan bambanta. Dokar RCRA ta 1976 ita ce ta ce dole a bi sawun shara mai haɗari tun daga inda aka samar da ita har inda ta ƙare, da takarda da sa hannu. Sai ga tashin hankalin Love Canal ta jihar Niyok a 1978, unguwa guda da makarantar firamare a kan ramin da aka binne dubban tan na sinadarai, daga nan binnewa ta zama abin ƙyama. A 1981 hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da ƙa'idar injinan ƙonawa, dole inji ya lalata kashi 99.99 cikin ɗari na gubar da aka zuba masa, wasu ƙa'idojin na daban kuma suka ce idan man PCB ne, irin wanda ake zubawa a taransifoma, ko shara mai dayoksin to kashi 99.9999. A ido lambar kamar ta gama magana, amma yi lissafi, ta farkon tana nufin a kowane tan guda an yarda giram 100 ya fita, ga injin da ke cin dubban tan a shekara kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma yadda ake tabbatar da lambar shi ne ƙonawar gwaji, ranar da kowa ya shirya, injiniyoyi na tsaye, an san abin da aka zuba. Sauran kwanakin shekara fa?

A 1984 majalisar dokokin Amurka ta ƙara tsaurara RCRA ta hana binne dagwalon da ba a sarrafa ba, niyya mai kyau ce wallahi, sai dai ta tura sharar ne kai tsaye zuwa wuta. Kamfanonin siminti suka ga garaɓasa, tanderunsu na da zafi sosai kuma suna buƙatar makamashi, ga shi har biyansu za a yi su karɓi shara, kuma da yake an ɗauki abin a matsayin amfani da makamashi ba zubar da shara ba, shekaru suka yi suna ƙonawa ba tare da ƙa'idar da ta hau kan injinan ƙonawa na ainihi ba. Sai 1991 aka toshe wannan ƙofa. Daga nan kuma aka koma kotu, ƙa'idojin hayaƙi da EPA ta fitar a 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta soke su a 2001 bayan masu masana'antu da masu rajin muhalli duk sun kai ƙara, kowa da nasa dalilin, aka sake rubuta sababbi a 2005. A tsakanin nan mutanen East Liverpool ta jihar Ohayo sun yi shekaru suna zanga-zanga a kan injin da aka gina musu kusa da makarantar yara, an kama da yawa, amma a 1993 injin ya fara aiki.

Turai kuwa madarar shanu ce ta tashe ta. A 1989 aka auna madarar shanun da ke kiwo a yankin Lickebaert na Holan, kusa da babban injin ƙona shara na wajen Rotadam, aka samu dayoksin ya wuce kima. Gubar ba ta narkewa a ruwa, kitse take bi, ta sauka a ciyawa saniya ta ci, ta taru a jikinta ta fito a nono, daga nan sai jikin mutum inda takan yi shekaru ba ta fita ba. Manomin da bai ƙona komai ba shi aka hana sayar da madararsa, abin da ya fi ci mini rai a labarin ke nan. A shekarar Holan ta sa iyakar dayoksin nanogiram 0.1 a kowace kubik mita ta hayaƙi (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram), Jamus ta bi sahu a 1990, sannan a Disambar 1994 Tarayyar Turai ta yi dokarta ta musamman kan ƙona shara mai haɗari. Nan aka rubuta abubuwan da har yau ake aiki da su, hayaƙi ya zauna a digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2, idan kulorin da danginsa sun wuce kashi 1 cikin ɗari a sharar to sai digiri 1,100, kuma dole a sa na'urar da za ta datse zuba shara da kanta da zarar zafi ya sauka. A 2000 aka haɗe dokar da ta sharar gari, a 2010 aka shigar da su cikin babbar dokar hayaƙin masana'antu. Gaskiya dokokin nan sun yi aiki, dayoksin da ke fita daga bututun injinan Turai ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1980, wannan ba abin musu ba ne.

To amma duk gubar da matata ta tare ba ta tafi ko'ina ba, tana cikin toka, ga dalma ga zaiba ga kadmiyom waɗanda wuta ba ta iya lalata su ko da digiri nawa ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A 1986 jirgin Khian Sea ya bar Filadelfiya da tan wajen 14,000 na tokar injin ƙona shara, ya yi ta yawo tashar ruwa bayan tashar ruwa ana korarsa, ya sauke kimanin tan 4,000 a bakin ruwan Gonaives ta Haiti da sunan takin zamani, sauran ya watsar a teku. A 1988 wata tokar ta Filadelfiya ta sauka a tsibirin Kassa na Gini, shekarar da aka gano gangunan gubar Italiya a Koko ta Najeriya, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 mai hukuncin ɗaurin rai da rai. Waɗannan ne suka haifi yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe a 1989, ƙasashen Afirka suka ga ba ta yi musu ƙarfi ba suka yi tasu ta Bamako a 1991 wadda ta hana shigo da irin wannan shara nahiyar kwata-kwata. Sai ta Istokholm a 2001 da ta ambaci injinan ƙona shara da tanderun siminti masu ƙona shara mai haɗari cikin manyan hanyoyin samar da dayoksin. Amurka ta sa hannu a Basel da Istokholm amma har yanzu ba ta amince da su a hukumance ba.

Inda ni nake ganin rauni har gobe shi ne awo. Ƙura da asid da iskar kabon ana auna su dare da rana da na'ura, amma dayoksin shekaru da yawa abin da dokar Turai ta nema shi ne a ɗebi samfur sau biyu a shekara, na awa 6 zuwa 8. Alhali lokacin da aka fi samun matsala shi ne lokacin kunna inji da kashe shi da kuma idan wani abu ya lalace, daidai lokacin da ba mai awo a wurin. Sai a ƙa'idojin 2019 aka matsa wajen ɗibar samfur na dogon lokaci, shi ma da sharaɗin da ke ba da damar a sassauta idan an nuna hayaƙin bai cika canjawa ba. Ƙasar da ba ta da ɗakin gwajin da zai iya auna nanogiram kuwa, ko ta kwafi lambar 0.1 ta sa a dokarta, wa zai duba?

Yanzu rigimar ta koma kan sinadaran PFAS, waɗanda ke cikin kumfar kashe gobara, haɗin kabon da fulorin ɗinsu na da taurin da ake shakkar ko zafin da doka ta tanada ya isa ya wargaza su duka. Bayan an gano ana ƙona kumfar sojan Amurka a garin Cohoes, jihar Niyok ta yi dokar hana hakan a wurin a 2020, majalisar tarayya ta sa wa ma'aikatar tsaro dakatarwar wucin gadi a dokar tsaro ta 2022, jihar Ilinoyi ma ta haramta ƙona su a shekarar. Gangunan kumfar kuma da yawa suna nan jibge a rumbuna ana jiran a ga wace hanya za a amince da ita.