Tambayoyin da ake yawan yi mini a kan shara

Waɗannan tambayoyi na amsa su baki da baki, na amsa su a rubuce, amma kullum sai sun dawo. Ga su a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, a nuna masa.

Laifi ne in ƙona sharata?

Laifi ne, kuma da wannan na fara don ita ta fi damuna. Leda da roba idan suka ci wuta suna fitar da guba, musamman roba nau'in PVC wadda ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ita. Daga cikin gubar akwai dayoksin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana iya jawo ciwon daji kuma yana taɓa garkuwar jiki. Yakan sauka a ƙasa da ciyawa, dabba ta ci, ya taru a kitsenta, ya dawo mana ta abinci. Hayaƙin kuwa ba ya tsayawa a iyakar gidanka. Jaririn maƙwabci da mai ciwon asma su ke fara shaƙa.

Ni kaɗai me zan iya canzawa?

Kusan rabin kwandonka. A rahotonsa na 2018, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa duniya na tara shara tan biliyan 2.01 a shekara, kuma za ta kai biliyan 3.4 nan da 2050. Kashi 44 cikin ɗari na wannan shara ragowar abinci ne da ganyaye, abin da zai ruɓe ya zama taki. Wannan kason ba ya jiran doka ko mota, a hannunka yake. Ka kwantar da hankalinka, ba a ce ka gyara duniya ba.

Kwanduna nawa zan ajiye?

Biyu. Ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na busasshe. Masu jiran sai sun sayi kwanduna biyar masu launi daban-daban ba su taɓa farawa.

Dalilin rabawar shi ne kwali ko takarda da ta sha mai da romo ba ta da sauran amfani ga mai sake sarrafa shara. Ka ɗauraye gwangwani, ka tura murfinsa mai kaifi ciki, ka matse bakin. Fasasshiyar kwalba ka naɗe ta da tsohuwar takarda. Akwai mutumin da zai zura hannu cikin buhun nan bayanka, sau da yawa ba safar hannu.

Robar da ke da alamar kibiya uku, ai ana sake sarrafa ta ko?

Ba lallai ba. Ka dubi lambar da ke tsakiyar alamar, daga 1 zuwa 7, nau'in robar take nunawa kawai. Lamba 1 (gorar ruwa) da lamba 2 (jarka da robar sabulun ruwa) su aka fi saye. Lamba 3, 6 da 7 da wuya ka sami mai karɓa. A duniya gaba ɗaya kusan kashi 9 cikin ɗari na sharar roba ake sake sarrafawa. Saboda haka rage saye ya fi komai. Gwangwanin alminiyam kuwa kada ka taɓa jefar da shi, domin narkar da tsoho yana rage kusan kashi 95 cikin ɗari na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo.

Leda ɗaya a kwata, me za ta yi?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Kowa a layin haka yake cewa, shi ya sa kwata ke toshewa, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, damina ta zo ruwa ya shiga ɗaki. Bangaladash ta hana siraran ledoji a 2002 bayan an gano yadda suka toshe magudanun ruwa a lokutan ambaliya. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Ka riƙe jaka ɗaya mai ƙwari idan za ka sayayya.

Inda nake ba mai zuwa kwashe shara. Ka ce kada in ƙona, kada in zuba a kwata. To ina zan kai ta?

Wannan ce tambayar gaskiya, kuma ba ta da amsa ɗaya da ta dace da kowa. Ya danganta da ko kana da fili, da irin ƙasar wurin, da nisan rijiya, da ko akwai masu sayen kayan bola a kusa.

Fara da rage abin da zai zama matsala. Idan ka cire mai ruɓewa ka yi taki, ka ware ƙarfe, gwangwani, kwalba, kwali da gorar ruwa ka ba 'yan jari-bola, abin da zai rage ba shi da yawa: ledoji, fakitin kaya mai ƙyalli, kunzugun jarirai na zamani, tsummokara. Busasshen cikinsu ba ya wari, don haka za ka iya danna shi a buhu, ka ɗaure, ka ajiye inda ruwa da ɓera ba sa kaiwa, har ranar da za ka bi ta wurin da aka keɓe don zubar da shara. A ganina wannan ya fi kowace hanya, ko da sau ɗaya a wata ne.

Idan babu irin wannan wuri sam, binnewa ta fi ƙonawa sauƙin illa, amma ba na cewa tana da kyau. Roba ba za ta ruɓe a ramin ba, ajiye ta kawai ka yi wa na baya. In dole ta sa, ramin ya yi nesa da rijiya ko rafi, mita 30 ko fiye, kuma ya kasance ta gangaren da ruwa ba zai kwaso dattin ya nufi rijiyar ba. A ƙasa mai yashi, ko inda ake tarar da ruwa da an ɗan yi haƙa, wannan tazarar ma tana iya gazawa, kuma a nan ban ba da shawarar rami ba. Duk lokacin da ka zuba, ka rufe da ƙasa don ƙuda da karnuka. Batir, magani, fenti da baƙin mai kada su shiga ramin ko kusa.

Mai zaman haya a ɗaki ɗaya ba shi da wurin rami ko na taki, na sani. Mafitarsa haɗa kai da maƙwabta: gidaje goma su ɗauki mai kwasa ɗaya. Sai dai ku tambaye shi inda yake kaiwa, in ya yiwu wani ya bi shi ya gani. Akwai masu karɓar kuɗi su juye a rafi na gaba. Kuma duk wannan lallaɓawa ce. Kwashe shara aikin hukuma ne, ku rubuta mata a ƙungiyance, ku sake rubutawa.

Ledar da aka rubuta cewa tana ruɓewa fa?

Kada ka dogara da rubutun. Da yawansu sai a masana'antar taki mai zafi suke ruɓewa. Wasu kuma farfashewa suke yi su zama ɓurɓushin roba a cikin ƙasa.

Tsohon batir da matacciyar waya?

Kada su shiga kwando. Batirin mota yana da dalma, mai lalata ƙwaƙwalwar yara, ka mayar da shi ga dillalin da ke karɓar tsoho, kada ka fasa shi ka zubar da ruwan. Batirin waya na litiyam yana kamawa da wuta idan aka huda shi ko aka matse shi. Wanda ya kumbura ka cire shi daga ɗakin kwana yau, ka manna salatif a bakin ƙarfensa. Dogon ƙwan fitila mai farin haske yana da zaiba a ciki, wani sinadari mai guba, a kiyaye kada ya fashe.

Na gwada yin taki, sai wari da ƙuda. Na ɓata ne?

Ba ka ɓata ba, ruwa ya yi masa yawa, iska ta yi kaɗan. Abin da ke ruɓewa ba iska shi ke wari, shi ke kuma fitar da iskar metan a manyan juji, wadda ke ƙara ɗumamar yanayi. Ka zuba busasshen ganye, ɗiɗɗigar katako ko yagaggen kwali, kamar ninki biyu na ɗanyen, ka juya da cebur. Ka damƙi kaɗan a hannu: ya yi danshi kamar tsumman da aka matse, ba ya ɗiga. Ka daina sa nama, ƙashi da mai. Duk ɓawon da ka zuba ka rufe shi da busasshe, ƙuda zai ragu. Ka riƙa juyawa mako-mako, cikin wata biyu zuwa shida zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa, ka kai shi gindin shuka.