Nonpatisan ɗin da ake ta faɗa a rediyo, me yake nufi?

Duk lokacin da maganar zaɓen asambil, wato majalisar ƙaramar hukuma a Ghana, ta taso, daga Aboabo har Sawaba da Asawase a Kumasi, kalma ɗaya za ka ji a bakin masu hira a rediyo da samarin bes (majalisar hira ta unguwa), wai zaɓen nonpatisan ne. Abin da ke ci mini rai shi ne fassarar da ake mata, wani ya ce ai ma'anarta ɗan takara bai kamata ya zama ɗan fati ba sam, har ka ji ana cewa wane ba shi da damar tsayawa tunda kowa ya san yana da katin jam'iyyar NDC ko ta NPP. Ba haka dokar ta ce ba.

Sashe na 248 na kundin tsarin mulkin 1992 cewa ya yi mai neman kujerar asambil ya fito da sunansa shi kaɗai, kar ya ɗora alamar wata jam'iyya, ita kuma jam'iyya kar ta tsayar da shi, kar ta ba shi dandali, kar ta yi masa kamfe ko ta yi kamfe a kansa. Babu inda aka ce ya yar da katinsa. Shi ya sa a takardar ƙuri'a suna da hoto kawai kake gani, babu lemar NDC babu giwar NPP, haka ma mutum 5 ɗin da ake zaɓa a kwamitin unguwa.

To amma ga inda ruɗanin ya fi girma, kuma har manyanmu suna faɗawa ciki. Ana haɗa magana biyu a mai da su ɗaya: a bar jama'a su zaɓi MCE, wato shugaban ƙaramar hukuma, da hannunsu, da kuma a bar jam'iyyu su shigo zaɓen asambil. Ta farko tana sashe na 243, wanda ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa MCE ko DCE (takwaransa a gunduma), sai kashi biyu cikin uku na 'yan asambil ɗin da suka zo suka jefa ƙuri'a sun amince. Wannan sashen majalisar dokoki na iya gyara shi ba sai an kira al'umma ba. Ta biyu tana sashe na 55(3), shi kuwa yana cikin sassan da aka kulle, sai an yi ƙuri'ar raba gardama, aƙalla kashi 40 na masu rajista su fito kuma kashi 75 na waɗanda suka fito su ce e. Wannan ƙuri'ar ce aka sa wa ranar 17 ga Disamba 2019, NDC ta ce a ce a'a, sai shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya soke ta ana saura makonni biyu da wani abu, kuma aka janye gyaran sashe na 243 ɗin tare da ita. Har yau akwai masu cewa wai an hana mu zaɓen MCE ne saboda mutane sun ƙi, alhali tambayar da za a yi ranar ma ba ta MCE ba ce, ta jam'iyyu ce.

Me ya sa fati ke sa ido haka a zaɓen da aka ce babu ruwanta? Ku yi lissafin da kanku. Doka ta ba shugaban ƙasa damar naɗa har kashi 30 na membobi. A ce asambil mai mutum 30, tara naɗaɗɗu ne, 21 zaɓaɓɓu. Wanda shugaban ƙasa ya turo a matsayin MCE yana neman ƙuri'a 20, tara suna hannu tun kafin a zauna, saura 11 kawai. Wannan 11 ɗin ake nema tun daga ranar da aka fara manna fosta, shi ya sa za ka ga babu alamar jam'iyya amma kalar fostar ta gaya maka komai, kuma motar da ke kwasar tsofaffi zuwa rumfar zaɓe kowa ya san ta wace ce.

Duk da haka ni dai ban yarda da masu cewa tunda ana karya dokar a ɓoye gara a cire ta ba. A zango ita ce ƙofar da ta rage wa malamin makaranta ko tela ko hajiya mai sayar da waake su tsaya ba tare da sun bi ta firamare da kuɗin deliget (wakilan fati masu zaɓen ɗan takara) ba. Asambilman shi ake buga wa ƙofa in gota ta toshe, in bola ta yi sati ba a kwashe ba, in fitilar layi ta mutu, kuma mutumin da ka san gidan ubansa ya fi sauƙin kamawa a kan wanda fati ta kawo. In jam'iyya ta shigo da alamarta, unguwa irin Asawase, inda fati ɗaya ta fi rinjaye, an gama zaɓe tun a firamare.

Abin takaicin shi ne mu da kanmu ba ma fita. A 2019 da 19 ga Disamba 2023 duka waɗanda suka jefa ƙuri'a a ƙasa ba su kai rabin masu rajista ba, kuma inda mutane ƙalilan suka fito, wanda fati ta ɗauko wa masu zaɓe a mota shi ke cin kujerar.